Eko ya ce 4.2, MRI ya ce 3.7: wanne za mu bi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu yana fama da tsukewar bawul ɗin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Hoton eko ya nuna jini yana wucewa da gudun mita 4.2 a sakan, amma MRI ya nuna 3.7. Tunda MRI ya fi tsada, ba shi ne mai gaskiya ba? Mu dakatar da maganar tiyata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku dakatar da komai saboda lambar MRI. A wannan awon dai, eko (hoton zuciya da ake ɗauka da sauti) ne a gaba.

MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, yana auna gudun jini ne ta ƙwayoyin haidirojin da ke cikin ruwan jiki. Na'urar takan sauya ƙarfin maganaɗisu sau biyu a jere, na biyun kishiyar na farko. Ƙwayar da ke tsaye sai ta koma yadda take, wadda ke tafiya kuwa sai ta karkace daidai da saurinta, kuma wannan karkacewar ce kwamfuta ke mayarwa lamba. Idan jini yana gudana lami lafiya a jijiya mai faɗi, awon yana da kyau ƙwarai. Wajen sanin yawan jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu, ko wanda ke komawa baya ta bawul mai yoyo, MRI ya fi eko abin dogaro.

Matsalar tana wajen bawul mai tsukewa. Jinin yana fitowa siriri da ƙarfin gaske, ya hargitse. Kowane ɗigon hoto matsakaicin abin da ke cikinsa yake bayarwa, to idan ya haɗa tsakiyar siririn jinin mai sauri da gefensa mai sanyin gudu, lambar dole ta sauka. Haka ma lokaci: ba bugu ɗaya MRI ke ɗauka ba, bugu da yawa yake tarawa ya haɗa hoto, kuma ƙololuwar gudun ba ta daɗewa, tana iya wucewa tsakanin hoto da hoto. Ga kuma saitin yankan hoton. Idan ya kauce wa hanyar jinin da digiri 20, gudun da aka auna zai ragu da kusan kashi 6 cikin 100. Duk waɗannan ƙasa suke jan lambar, shi ya sa ban yi mamakin 3.7 ba.

Akwai kuma iyakar gudu da ma'aikacin ke saitawa kafin a fara, wadda suke kira VENC. A lafiyayyar jijiya wajen santimita 150 (mita 1.5) a sakan ta isa, amma irin ta Baba sai an kai ta 500 (mita 5) ko kusa. Idan jini ya zarce iyakar, na'urar takan nuna kamar baya yake komawa, kamar hannun agogo da ya wuce sha biyu ya dawo ɗaya. Idan kuma an ɗaga ta fiye da kima, awon jini mai tafiya a hankali ya lalace.

Shi ma eko yana kuskure idan mai riƙe da shi bai saita daidai ba, amma galibi ragewa yake yi, da wuya ya ƙara. Don haka likitocin zuciya suka fi riƙe lambar da ta fi girma.

Kada ku raina rabin mitar nan da ke tsakanin 4.2 da 3.7. Matsin da zuciya ke fama da shi ana lissafa shi ne da ninka gudun da kansa, sannan a ninka sau 4. Mita 4.2 tana ba da kusan 71 a ma'aunin hawan jini, 3.7 kuma kusan 55. Iyakar da ake cewa tsukewa ta yi tsanani ita ce mita 4 a sakan, ka ga lambobin biyu sun saka ta a tsakiya.

Ku koma wurin likitansa da takardun biyu, ku tambayi faɗin ƙofar bawul ɗin, domin idan bai wuce santimita murabba'i 1 ba, ya ƙarfafa abin da eko ya nuna. Idan Baba ya fara haki, ko ciwon ƙirji, ko jiri da suma in ya motsa, ku kai shi a ranar, kada ku jira ranar da aka ba ku.