An yi mini tayin ƙarin girma, amma raina yana aji

Tambaya: Shekara 11 ke nan ina koyar da lissafi a sakandare. Yanzu an ce za a ba ni mataimakiyar shugaban makaranta. Albashi zai ƙaru, amma zan bar aji, ni kuwa koyarwar ce ke faranta mini rai. 'Yan'uwa suna cewa in na ƙi, na yi wa kaina baƙin ciki. Ina mafita?

Amsa: Malama, ki fara gane cewa abin da aka miƙo miki wani aiki ne dabam da wanda kike yi. Yau kina wuni da alli a hannu, kina bin yaron da kasafi ya gagara har ki ga fuskarsa ta washe. A ofis kuwa jadawalin darussa ne, da takardun neman hutu, da sasanta malamai da iyaye, da taro bayan taro. Akwai masu jin daɗin wannan ƙwarai, kuma makaranta ba ta tafiya sai da su. Ke ce dai za ki duba ko kina cikinsu.

A 1969 wani masanin ilimi, Laurence Peter, ya yi bayanin cewa ana ta ɗaga ma'aikaci saboda ya iya aikin da yake kai, har a kai shi kujerar da ta fi ƙarfinsa, nan ya maƙale. Binciken da Alan Benson da Danielle Li da Kelly Shue suka wallafa a 2019 kan masu sayar da kaya a kamfanonin Amurka ya ƙarfafa hakan: waɗanda suka fi iya ciniki su aka fi ba manaja, kuma galibi ba su suka fi iya jagorancin mutane ba. Abin da ke ci mini rai a nan shi ne asara biyu ake yi, a rasa gwani, a samu shugaban da ba ya son kujerarsa.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, ƙin karɓa yana da tsada. A wurare da yawa fansho yana bin albashi, kuma mai yiwuwa ba a sake yi miki tayin ba. Ki zauna da biro da takarda, ki lissafa nauyin da ke kanki. In albashin yanzu bai riƙe gida, damuwar kuɗi za ta biyo ki har cikin ajin.

In kuwa yana riƙewa, ki nemi izini ki bi mai riƙe da kujerar na mako guda, ki ga yininsa da idonki. Ki tambaya ko za a bar miki aji ɗaya, ko a ba ki shugabancin sashen lissafi, ko horar da sababbin malamai. In kin yanke shawarar ƙi, ki je da kanki ki yi godiya, ki ce wa shugaban: "Ranka ya daɗe, na fi amfanar makarantar nan ina gaban allo."