Kafin ka taɓa autoremove

Ka tambaye ni, yaro, ko za ka iya buga apt autoremove a kwamfutar da aka kawo jiya, tunda ka ga tashar umarni tana cewa akwai ƙunshin manhajojin da ba a bukatarsu. Na ajiye aikina in amsa maka ne saboda wannan umarnin ya taɓa jawo mini asarar da har yau ban huce ba.

Duk ƙunshin da ka girka da hannunka a Ubuntu ko Debian (nau'o'in Linux ne), apt, wato manhajar da ke girkawa da cire ƙunshi, yana rubuta cewa kai ka nema. Waɗanda suka biyo shi domin ya yi aiki kuwa 'yan rakiya ne, alamarsu daban. Ranar da aka cire wanda suka rako, ko aka maye gurbinsu da sababbi, sai su zama marayu, kuma su ne autoremove yake kwashewa. To amma apt bai san komai ba sai abin da ke cikin littafinsa. Manhajar da wani ya kwafo daga filashi ya zuba a folda irin /opt, bai san da zamanta ba, balle ya san abin da take dogara da shi.

A 2019 wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a kan sari ya ba ni kwamfutoci shida in gyara, muka yi ciniki a baki, ban karɓi ko sisi ba saboda na ga dattijo ne mai furfura. Wadda ke teburin akawunsa an girka mata Ubuntu 16.04 ne tun asali, daga baya aka ɗaga ta zuwa 18.04. Tsohon Ubuntun ya zo da Java 8, manhajar da wasu manhajoji ke tashi a kanta, sabon kuwa ya kawo Java 11, don haka tsohuwar ta zama marainiya a idon apt. Na tambaye shi har sau biyu ko akwai wata manhaja ta musamman a kanta, ya ce babu. Magariba ta kawo jiki, na buga umarnin na haɗa da -y, wato ya amsa wa kansa ba tare da ya jira ni ba, na rufe na tafi.

Da hantsi ya kira ni yana faɗa, wai na cinye masa littafin bashi. Ashe wani yaro ne ya rubuta masa manhajar lissafi shekarun baya, wadda ba ta tashi sai da Java 8, kuma sunayen masu bashi duk suna cikinta. Na iske motocin kaya a ƙofar shago, akawu yana rubuta rasit da biro, gumi yana ɗiga a kan takarda. Na buɗe /var/log/apt/history.log, na ga abin da aka cire, na mayar da openjdk-8-jre, wato ƙunshin Java 8, kafin azahar manhajar ta tashi, ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Duk da haka mutumin nan ya ce cinikin safiyar da ya rasa ya haura kuɗin aikina, ya riƙe haƙƙina na kwamfutoci shida gaba ɗaya, ya kuma bi maƙwabtansa yana cewa na kusa karya shi. Mutum biyu a layin suka daina kirana. Rashin karanta jerin kuskurena ne, na yarda, amma shi da ya ce mini babu komai a kanta, Allah ya isa tsakanina da shi.

Ku yaran yanzu kuna kwafo umarni daga intanet ku liƙa, kuna gaggawar komawa kan waya, ba ku karanta abin da allo yake gaya muku. A shagona ba a yin haka. Ba sai na koya maka sudo ko sabunta jerin ƙunshi ba, wanda bai san wannan ba bai isa ya riƙe sukudireba ba. Ka fara da apt-get -s autoremove, wanda yake nuna abin da zai faru ba tare da ya cire komai ba, ka karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ka leƙa /opt da /usr/local, domin bakin mai kaya ba hujja ba ne. Abin da ka ga ana bukata, ka tsare shi da apt-mark manual. Idan ka ga ubuntu-desktop ko python3, waɗanda Ubuntu kansa ke dogara da su, a cikin jerin abin da za a cire, ka janye hannunka nan take. Idan wuri kawai kake nema, apt clean ya fi sauƙin haɗari, tunda fayilolin da aka sauke kaɗai yake sharewa a /var/cache/apt/archives.

Je ka fitar da jerin na kwamfutar jiya, ka kawo mini a rubuce, kada ka amsa wa injin komai sai na gani.