Tambaya da Amsa: Ɗana ba ya cin abinci sai ya sha maganin buɗe ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ɗana ne mai shekara 4 ya ƙi abinci, daga shayi sai biskit. Na je kemis aka ba ni wani maganin ruwa wai bitamin ne mai buɗe ciki, in ya sha sai ya yi ta barci in ya tashi ya ci sosai, amma kwalba na ƙarewa sai mu koma gidan jiya, yanzu muna kan ta 3. Kuma na lura da magariba yana yawan tuntuɓe da kaya a tsakar gida. Surukata ta ce in nemo wanda ya fi wannan ƙarfi. Ya zan yi? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya raya mana shi. Wallahi maganar tuntuɓen nan da kika saka a ƙarshe ita ta fi tsaya min a rai, don yaron da yake gani lafiya da rana amma duhu na fara shiga ya kama lalube, abu na farko da ake zargi shi ne dundumi, kuma dundumin yara galibi ƙarancin bitamin A ne. Da wannan bitamin ido yake haɗa sinadarin da yake gani da shi in haske ya yi ƙasa, in aka bar abin ya yi nisa sai idon ya bushe har ya kai ga makanta, musamman yaron da bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko gudawa ba. Ki kai shi asibiti cikin satin nan don Allah a duba idon. Akwai ɗan jan ƙwanson bitamin A ɗin nan da ake matsa wa yara a baki duk bayan wata 6, daga ɗan wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5 (na jarirai shuɗi ne), ki duba katinsa ki ga yaushe rabonsa da shi. Amma kar ki sayo da kanki ki yi ta ɗura masa, bitamin A ba ya fita a fitsari, a hanta yake taruwa kuma yawansa guba ne.

Toh sai kwalbar. Ki juya bayanta ki karanta, ina kyautata zaton za ki ga an rubuta Cyproheptadine. Wannan ba bitamin ba ne, maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, illarsa ce sa barci da jin yunwa, shi ne ake garwaya shi da ƴan bitamin a sayar. Shi ya sa yana fita daga jiki ake komawa inda aka fito, ainihin matsalar ba a taɓa ta ba.

Yunwa ai ba a ciki kaɗai take ba, akwai wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa da yake karɓar saƙo. In tumbi ya zama wayam sai ya saki sinadarin girelin mai cewa a ci, kitsen jiki kuma yana sakin leftin mai cewa akwai ajiya, sannan sukarin da ke cikin jini shi ma yana da ta cewa. Yaron da yake tsotsar shayi mai zaƙi da biskit tun safe yaushe saƙon yunwa zai iso? Bitamin kuwa ba ya ƙosarwa ba ya sa ƙiba, aikinsa taya jiki sarrafa abincin da aka ci, yana dawo da sha'awar abinci ne kawai in dama rashinsa ne ya kashe ta, kamar B1. Ƙarancin zinc da ƙarancin jini da tsutsar ciki da maleriya duk suna hana yara ci, ki ce a duba su.

A gida ki rage shayin nan, ki tsayar da lokacin ci. Miyar alayyafo ko zogale da manja, karas, kabewa, gwanda, mangwaro in lokacinsa ne, ƙwai, ƴar hanta sau ɗaya a sati. Ki tabbata akwai maiƙo a ciki ko da ƙuli-ƙuli ne a kwaɗon, sai da maiƙo ne hanji yake iya tsotse bitamin A. Mama kuma ki lallaɓa ta, ƙaunar jikanta ce, in da hali ku je asibitin tare ta ji da kunnenta.

Tambaya: Anti tunda na fara shan B-complex fitsarina ya koma rawaya shar, ko ƙodata ce? Kuma ƙawata ta ce in haɗa da sha-ka-fashe in yi jiki kafin bikina. Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Rawayar nan bitamin B2 ne, rarar da jiki bai buƙata yake zubarwa, in kin daina sha za ta washe. Sha-ka-fashe kam kar ki kusance shi ƙanwata. Yawanci Dexamethasone ne, wani maganin asibiti mai ƙarfi, in an daɗe ana sha sai fuska ta kumbura ciki ya fito ƙafafu su tsuke, ga hawan jini da ciwon suga da olsa. In har kin riga kin yi makonni kina sha kar ki yanke lokaci ɗaya, ki ga likita ya rage miki a hankali.