Amsa: Wuraren shaƙatawa kyauta a Ngaundere

Ɗan'uwa Malam, ka ce za ka zo Ngaundere, a ƙasar Kamaru, daga Garwa da iyali, aljihu kuma ba nauyi, kana neman inda za ku shaƙata ba tare da kashe sefa da yawa ba. Sannu da zuwa tun kafin ka iso.

Fara da Dutsen Ngaundere, wanda ake hangowa daga cikin gari da ƙaton dutse zaune a kansa. Ku hau da sassafe, garin yana kan tudu, sama da mita 1,000 daga matakin teku, sanyin safiya ba wasa ba ne, a ɗauko wa yara rigar sanyi.

Amma ni Tafkin Tizon na fi so. Tsohon ramin aman wuta ne da ruwa ya cika, itatuwa sun kewaye shi, kuma bai yi nisa da gari ba. Ku zagaya bakinsa da ƙafa, sai dai kada yara su shiga, akwai zurfi.

Magangarar ruwan Vina da damina ta fi kyau. Kuɗin ɗan acaɓa kam dole ne, ku yi ciniki har na dawowa kafin ku hau.