Me ya sa "I like to read" daidai ne, amma "I enjoy to read" kuskure ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina shirin rubuta WAEC. A insha'in da na rubuta, malaminmu ya ja jan biro ƙarƙashin "I enjoy to read novels", alhali ya ƙyale "I like to read novels". Ya kuma soke "I look forward to see you" da "We discussed about the matter". Ai like da enjoy kusan ma'anarsu ɗaya. Akwai ƙa'ida ne, ko hadda kawai ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku ya yi daidai a duka ukun, sai dai kowanne da dalilinsa daban.

Abin da za ki fara riƙewa shi ne, a Turanci kowane aikatau yana da irin ginin da yake yarda ya biyo bayansa, kuma ba ma'anarsa kaɗai ke zaɓar ginin ba. Aikatau biyu za su iya kusantar juna a ma'ana, amma kowanne ya nemi nasa ginin. Like yana karɓar to read, yana kuma karɓar reading. Enjoy ba ya karɓar komai sai suna ko kalma mai ƙarewa da -ing: "I enjoy novels", "I enjoy reading novels". Saboda haka wanda ya san ma'anar enjoy bai san abin da ke bin ta ba, rabin kalmar ya sani.

Masu neman -ing da za ki riƙa cin karo da su kullum su ne enjoy, avoid, finish, mind, deny, admit, consider, suggest, practise, keep, miss, risk da give up. Masu neman to kuwa akwai want, decide, hope, refuse, agree, promise, plan, manage, fail da afford. Akwai 'yar alama mai taimako: yawancin masu to suna hangen abin da bai faru ba tukuna, kamar niyya ko fata ko alkawari. Amma kada ki dogara da ita kacokan, domin consider da suggest su ma gaba suke hange, duk da haka -ing suke ɗauka. Like, love, hate, prefer, begin, start da continue suna karɓar duka biyun ba tare da wani babban bambanci ba, sai dai da zarar kin sa would kafin like, to ce kaɗai za ta zauna: "I would like to go".

Inda ya fi buƙatar natsuwa shi ne aikatau da ke karɓar gini biyun amma ma'ana ta sauya. "He stopped smoking" na nufin ya daina shan taba. "He stopped to smoke" na nufin ya tsaya domin ya sha. Wanda ya musanya su ya faɗi kishiyar abin da yake nufi. Haka remember: "Remember to lock the door" tunatarwa ce kan abin da za a yi, "I remember locking the door" kuwa ya riga ya kulle, yanzu yana tuna lokacin da ya yi. "Try to open the window" yunƙuri ne, mai yiwuwa tagar ta ƙi buɗuwa. "Try opening the window" shawara ce, wato gwada buɗewa ki gani ko zafin zai ragu. Masu tsara tambayoyin cike gurbi suna son irin waɗannan, domin duka zaɓin biyu Turanci ne mai kyau, sauran jimlar ce ke nuna wanda ya dace.

Jimlarki ta biyu matsalarta daban ce. To iri biyu ce a Turanci. Akwai wadda ke manne da aikatau, kamar to go. Akwai kuma wadda take harafi ce kawai kamar in da on da at, kuma duk aikatau da ya zo bayan harafi dole ya ɗauki -ing. Ga yadda za ki bambance su: gwada sa suna bayan to ɗin. "I look forward to the holiday" ta zauna daram, ke nan to ɗin harafi ce, sai ki rubuta "I look forward to seeing you". "I want to the holiday" ba ta zauna ba, don haka want to see ake cewa. Wannan gwajin zai fitar da ke a object to, be committed to, with a view to da be used to. Ki lura da na ƙarshen: "I used to walk" a da nakan yi tafiya a ƙasa, yanzu na daina, "I am used to walking" na saba da tafiyar ƙasa.

Ita kuwa discuss about, tushenta biyu ne. Mu a Hausa muna tattaunawa a kan magana, sai hannu ya nemi abin da zai tsaya a madadin "a kan". Sannan sunan da aka ciro daga aikatau ɗin yana ɗaukar harafin da gaske: "a discussion about the matter" daidai ne. Aikatau ne ba ya so, kai tsaye yake kama karɓau ɗinsa, wato sunan da aikin ya faɗa wa: "We discussed the matter". Haka "emphasise the point" amma "emphasis on the point", "request a loan" amma "a request for a loan". Waɗannan kurakuran sun yaɗu har a wasiƙun ofis da jaridu, shi ya sa kunne ba ya jin su, amma mai duba takardar jarrabawa zai rage maki a kansu.

Tunda kin taɓo batun, akwai wasu gine-gine uku da Hausa ke janyo mu cikinsu. Na farko, mini da masa suna bin kusan kowane aikatau a Hausa: ba ni, faɗa mini, yi mini bayani. Turanci ya yarda da wannan a give, tell, send, show da lend, amma ya hana a explain, say, describe da suggest. "Tell me the answer" daidai, "Explain me the answer" kuskure, sai "Explain the answer to me". Nan ne kuma "Borrow me your pen" ke fitowa, domin na ari biro da na ara masa biro tushe ɗaya ne a wurinmu. Turanci ya raba su: borrow something from somebody, lend somebody something.

Na biyu, "ina so ka zo". Ba a cewa "I want that you come" ko "I want you come", sai "I want you to come". Allow, enable, advise da force duk haka suke. Suggest kuwa ya ƙi wannan ginin sam: "He suggested that I go" ko "He suggested going", ban da "He suggested me to go".

Na uku, make da let ba sa son to: "She made him wash the plates", "Let me go". Amma idan aka juya jimlar make, wanda aka sa aikin ya dawo farko, to ɗin takan dawo: "He was made to wash the plates".

Game da hadda, i, akwai ta, amma ba haddar jerin kalmomi tsura ba. Ƙamus na masu koyon Turanci an tsara shi ne musamman don wannan. A. S. Hornby, wanda ya koyar da Turanci a Japan, ya kasa aikatau gida 25 bisa ginin da ke bin su a ƙamus ɗinsa na 1942, wanda daga baya ya zama Oxford Advanced Learner's Dictionary. A bugun yanzu ana rubuta ginin ne a fili kafin misalai, kamar enjoy doing something ko allow somebody to do something, wasu bugun kuma su taƙaita somebody da something zuwa sb da sth. Idan kin duba aikatau, ki kwafe wannan layin gaba ɗaya a littafinki, ki rubuta jimla ɗaya taki a ƙarƙashinsa. Idan kuma kin gama insha'i, ki ware minti biyar ki bi duk wurin da aikatau biyu suka haɗu a jimla ɗaya, da duk wurin da about ko on ko for ya biyo bayan aikatau, ki tabbatar na farkon ya yarda da abin da kika sa masa.