Shin sai jagoran sikawut ya je kwas?

Malam, ka tambaya ko dole ne babban da ya sa kai don jagorantar 'yan sikawut ya samu horo, tunda shi ma ya yi sikawut yana yaro. Ni dai a ganina dole ne. Iya ɗaure igiya da kafa tanti daban, riƙon 'ya'yan mutane daban.

Shi kansa Baden-Powell, Baturen Ingila da ya kafa sikawut, wanda ya fara zangon sikawut a tsibirin Brownsea da ke Ingila a 1907, bai bar abin haka ba. A 1919 aka fara kwas ɗin jagorori na Wood Badge a Gilwell Park kusa da Landan, kuma har yau ana yin sa a ƙasashe da dama.

Abin da ya fi yi wa babba wuya shi ne janye hannu. Ana raba yara rukuni-rukuni na kamar 6 zuwa 8, ɗayansu ne shugaba. Wanda bai samu horo ba, da ya ga yaro yana fama da hura wuta sai ya karɓe ashanar ya kunna, yaron ya tashi bai koyi komai ba. Wanda ya samu horo kuwa sai ya tsuguna gefe ya ce, "Daga ina iska take kaɗowa?"

Sai maganar tsaro: taimakon gaggawa idan yaro ya ƙone ko ya suma, ƙirga yara kafin a tashi da bayan an isa, da dokar hana babba keɓewa da yaro shi kaɗai. Wannan ta ƙarshe tana kare yaron, tana kuma kare jagoran daga zargi.