Na buga fatan riga, ɗinki ya fito a matse

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na sayi fatan doguwar riga, wato zanen takarda da ake bi a yanka yadi, a intanet, aka turo mini a PDF, shafi 32. Na kai shagon buga takardu aka fitar, na liƙa, na yanka atamfata, amma rigar ta ƙi shiga ƙirji, alhali lambar da ta dace da awona na bi. Mai fatan ce ta cuce ni? Daga mai koyon ɗinki a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya mayar miki da alherin atamfarki, na san zafin sa almakashi a zane sannan a gane an yi kuskure. Amma kafin ki ɗora wa mai fatan laifi, ɗauko shafin farko. Za ki ga wani ɗan murabba'i da aka rubuta girmansa, galibi santimita 10 ko inci 4, wani lokaci ƙasa da haka. Ɗora tef a kansa. Ina kyautata zaton bai cika ba.

Yaran da ke shagunan nan sun saba da takardun makaranta da na neman aiki, don haka kwamfutarsu na kan "Fit to page", mai rage komai don ya zauna cikin takarda. A wasiƙa ba wanda zai lura, a fatan kuwa ɓarna ce. Idan santimita 10 ya fito 9.6, kashi 4 cikin 100 ya tafi. A ƙirji mai inci 40, kin yi asarar fiye da inci ɗaya da rabi ke nan, kuma hammata da kafaɗa duk sun ragu tare.

In kin koma, ki tsaya a bayan mai bugawar ki ga allon da idonki. Ya buɗe fayil ɗin da Adobe Acrobat Reader, ya zaɓi "Actual size" ko ya rubuta 100 a gurbin girma. Shafin murabba'in kaɗai za a fara bugawa, ki auna tsaye da kwance da tef ɗin da kika zo da shi, sai ya cika cif sannan a saki sauran. Kada ki ji nauyinsa, kuɗinki ne. Kuma kada a buga kai tsaye daga waya, domin sau da yawa tana rage girman ba tare da ta tambaya ba. Ni ko an buga daidai, sai na gwada a yadi mai araha kafin in taɓa na kirki.

Tambaya: Ni tela ne a Maraɗi. In sayi firinta, ko in riƙa bugawa a babbar takarda? Kuma wani fatan an rubuta masa "US Letter".

Amsa: Malam, in a kowane wata fatan ɗaya ko biyu kake buƙata, bar firinta, tawada za ta cinye ribar. Nemi masu buga zanen gine-gine, suna da injin da ke fitar da A0, mai faɗin santimita 84.1 da tsawon 118.9, daidai da A4 guda 16. Ka huta da datse gefuna da salatif. Sai dai ka tabbatar mai sayarwa ya haɗa da fayil ɗin A0 kafin ka biya, kuma can ma a auna murabba'in.

Ita "Letter" takardar Amurka ce, milimita 216 da 279, tamu A4 kuwa 210 da 297. Tasu ta ɗan fi faɗi, tamu ta fi tsawo. A buga a 100, zanen a tsakiyar takarda, sannan ka duba ko layukan haɗi na gefe sun fito duka. In sun yanke, rubuta wa mai fatan ya turo na A4.